Mai Tibi da Suga a Sakkwato: Rabin Magani Kyauta, Rabi da Kuɗi

A Sakkwato, kamar sauran sassan Najeriya, maganin tarin fuka, wato tibi, kyauta ne. Mutum ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko wani ƙaramin asibitin unguwa mai ɗakin DOTS na masu tarin, a ba shi 'yar kwalba ya tofa kaki, a sa a na'urar GeneXpert. In an ga ƙwayar cutar sai a buɗe masa kati, a ɗora shi a sikeli, a ƙirga masa ƙwayoyi daidai nauyinsa. Wata biyu na farko yana shan haɗin magunguna huɗu, wata huɗu na baya ya koma biyu. Ba a karɓar ko sisi don maganin. Tsari ne mai kyau, ya ceci rayuka masu yawa, kuma ba na cikin masu raina shi. Sai dai an gina shi a kan zaton cewa duk wanda ya shigo da tari, tarin kaɗai ya kawo. Akwai waɗanda wannan zato yake cutarwa, su ne masu ciwon suga, wasu sun san suna da shi, da yawa ba su sani ba. Su rabin maganinsu ne kyauta. Ɗaya rabin, wanda in babu shi na farkon ba ya cika aikinsa, sai sun sa hannu a aljihu.

Alaƙar cututtukan biyu tsohon labari ne a wurin likitoci. Kafin a gano insulin a 1921, mai ciwon suga da ya tsallake doguwar sumar da cutar ke jefa mutum ciki, sau da yawa tarin fuka ne ke zama ajalinsa. A 1934 wani likita a birnin Boston na Amurka, Howard Root, ya bi bayanan majiyyata ya nuna yadda tarin ya yawaita a tsakanin masu suga. Da insulin ta wadata a Turai da Amurka, magungunan tibi kuma suka fito, sai maganar ta kwanta. Abin da ya tashe ta shi ne ciwon suga ya biyo mutane har ƙasashen da tarin bai taɓa bari ba: Indiya, Sin, Indonesiya, da mu nan. A 2008 Christie Jeon da Megan Murray na Jami'ar Harvard suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam, suka samu cewa haɗarin kamuwa da tarin fuka ga mai suga ya ninka na wanda ba shi da shi kusan sau uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum miliyan 10.8 da suka kamu da tarin a 2023, kimanin 380,000 ciwon suga ne sila.

Kamuwa daban, warkewa daban, kuma warkewar ce ta fi damuna. A 2011 Meghan Baker da abokan aikinta suka duba bincike 33 a kan makomar masu tibi bayan sun fara magani. Mai suga ya kusa ninka wanda ba shi da shi wajen mutuwa yana cikin shan magani. In aka haɗa gazawar magani da mutuwa wuri guda, haɗarin ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100. Dawowar tarin bayan an sallami mutum kuwa ta kusa ninki huɗu. Wani sabon nazari da ya fito a 2019 ya sauko da adadin dawowar zuwa ninki ɗaya da rabi da 'yar ɗoriya, amma na mutuwa yana nan inda yake. Masana na iya ci gaba da ja-in-ja a kan girman lambar. Inda ta dosa dai babu musu.

Ƙwayar tarin fuka ba ta gaggawa. Takan shiga huhu ta iska, fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ta, su kewaye ta, su tsare ta wuri guda. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ta taɓa shiga jikinsu, mafi yawansu kuma har su koma ga Allah ba za ta sa su tari ba. Idan suga ya yi yawa a jini ya daɗe, sai waɗannan fararen ƙwayoyi su yi sanyi. Ba sa isa wurin da wuri, in sun haɗiye ƙwayar ba sa iya kashe ta, saƙon da suke aika wa sauran garkuwar jiki kuma yana makara. Kafin jiki ya farga cutar ta yi kogo a huhu. A cikin kogon nan ƙwayoyin suke taruwa jingim, magani kuma ba ya ratsa shi da sauƙi. Shi ya sa a ƙarshen wata na biyu, lokacin da ake sake gwada kaki ana sa ran ganin ya wanke, mai suga ne aka fi samu da sauran ƙwayar. Iya tsawon lokacin da take raye a kakinsa, matarsa da yaran da suke kwana ɗaki ɗaya da shi suna shaƙar abin da yake fitarwa.

Inda abin ya fi sarƙewa shi ne magungunan da kansu. Rifamfisin shi ne ginshiƙin maganin tibi, shi ne mai mai da fitsari ja har majiyyacin da ba a gaya wa ba ya zaci jini yake fitarwa. Wannan magani yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri fiye da ƙa'ida, cikinsu har da gilibenkilamid, ƙwayar suga mai araha wadda mutanenmu suka fi sani da Daonil, da sauran danginta. Mutum ya shekara da shekaru sugansa na zaune lafiya da ƙwaya ɗaya a rana, ya fara maganin tibi, sai suga ya tashi alhali bai canja ko loma ɗaya a abincinsa ba. Tarin da kansa ma yana tayar da suga, kamar yadda duk cuta mai tsananin zazzaɓi take yi. Suga ya tashi, garkuwa ta ƙara rauni, tarin ya ƙara samun wurin zama, ya sake tayar da suga. Tufka da warwara ke nan, a jiki ɗaya. Akwai ma binciken da aka yi a Indonesiya aka buga a 2006, wanda ya samu cewa rifamfisin da ke yawo a jinin masu suga kusan rabin na sauran majiyyata ne. Ba duk binciken da ya biyo baya ne ya ga haka ba, amma ya isa ya sa likita ya kula da cewa an ba mai suga, musamman mai jiki, adadin da ya dace da nauyinsa na yau, ba na ranar da aka buɗe kati ba.

Akwai wani tarko a ƙarshe da ba a cika maganarsa ba. Idan an ƙara wa mutum ƙwayar suga saboda rifamfisin na cinye ta, ranar da ya gama maganin tibi hanta za ta fara komawa aikinta na da. Cikin mako biyu ko makamancin haka, ƙwayar da jiya ba ta isarsa za ta yi masa yawa. Suga ya faɗi, gumi ya karyo, jiki ya ɗauki rawa, wani ma ya suma. In wanda ya ƙara ƙwayar bai san ranar da aka tsayar da maganin tibi ba, wa zai rage ta?

Sauran magungunan ma kowanne da inda yake taɓawa, kuma wuraren da suga ya riga ya raunana ne. Isoniyazid yana taɓa jijiyoyin ƙafa, ya sa zogi da jin kamar ana tsira allura a tafin sawu, daidai abin da suga yake yi, shi ya sa ya kamata a haɗa wa mai suga da bitamin B6 tun ranar farko. Itambutol yana iya taɓa gani, ga idon da suga ya fara ci, kuma ta ƙoda yake fita, ga ƙodar da suga ke lalatawa a ɓoye. Metfomin, wanda masana suka fi amincewa da shi ga mai tibi domin rifamfisin ba ya karya ƙarfinsa, yana sa tashin zuciya da gudawa a farko. Dubi mutumin da asuba: manyan ƙwayoyi uku ko huɗu a tafin hannu, zai haɗiye su ciki babu komai, an jima ga na suga, wataƙila ga na hawan jini. Ran da cikinsa ya juya, wanne zai ajiye? Na tibi akwai mai tambayarsa, akwai katin da ake sa wa alama. Na suga babu mai bin sawu, kuma da kuɗinsa yake saye.

Garinmu kuma yana taimaka wa ciwon suga ya ɓuya. Manyan alamominsa su ne ƙishirwa, yawan fitsari, rama da kasala. To wane ne ba ya jin ƙishirwa a Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40? Wanda ya wuni yana kwankwaɗar ruwan leda ba zai yi mamakin tashi fitsari da dare ba. Rama da kasala kuwa an riga an ɗora wa tarin. Ɗauki misalin ɗan kabu-kabu mai shekara hamsin daga Mabera, ya rame har agogo na yawo a hannunsa. Ma'aikaciyar ɗakin DOTS tana cike kati, ta ɗago kai ta ce, "Baba, kana da ciwon suga?" Ya ce, "A'a ɗiyata, Allah ya tsare. Mu ina mu ina cutar masu hali?" Ta rubuta babu. Ba ƙarya ya yi ba, ita ma ba sakaci ta yi ba. Bai taɓa gwadawa ba ne kawai. Ƙungiyar masana ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu cutar a Afirka, kashi 54 cikin 100, ba su san suna da ita ba. Tambayar baki ba za ta gano su ba.

Ya koma gida kuma ƙauna ta ƙarasa aikin. An ce masa ya ci abinci da kyau, uwargida ta ji. Ga malt an juye masa gwangwanin madara wai don ƙarin jini, ga shayi mai kauri da safe, ga fura da suga da rana, masu zuwa dubiya kowa da ledar lemon kwalba, wani ya kawo zuma ya ce tana maganin tari. "Daure ka sha, Malam, ka mai da jikinka." Ga mai tibi zalla wannan ba laifi ba ne sosai. Ga wanda ke da suga a ɓoye, kowane kofi ƙara wa cutar ƙarfi yake. Ban ce a hana shi ci ba, domin wannan shi ne kuskure na biyu da ake yi da zarar an gano suga: a tsorata mutum da abinci, a bar shi da acca da ganye, alhali tarin na cinye naman jikinsa. Yana buƙatar wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono marar suga, tuwo gwargwado da miyar ganye. Abin da za a janye shi ne zaƙin da ake sha.

Su nawa ne irin wannan mutum? A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a faɗin ƙasa, suka samu ciwon suga a kashi 5.77 cikin 100 na 'yan Najeriya, Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci da kashi 3. Amma matsakaicin yanki yana ɓoye bambancin birni da ƙauye, kuma a nan gida aka nuna wannan. Farfesa Anas Sabir da abokan aikinsa sun gwada Fulanin karkarar Sakkwato suka samu ƙasa da kashi 1 cikin 100, suka gwada na cikin birni suka samu kashi 4.6. Jini ɗaya ne, zama ne ya bambanta: babur a maimakon tafiyar ƙasa, shinkafa da taliya da burodi a maimakon gero, zaman shago daga safe har dare. In aka ɗauki wannan 4.6 aka haɗa da haɗarin da ya ninka sau uku, lissafina ya nuna kusan mutum ɗaya cikin takwas na manyan da ke kamuwa da tibi a birni yana da suga. Wannan bai yi nisa da abin da aka gani da aka gwada majiyyatan kai tsaye a kudu ba: kashi 12.3 a Legas, da kashi 9.4 a wani bincike na mutum 2,094 a jihohin kudu da aka buga a 2017. Najeriya ta yi rajistar fiye da mutum 360,000 masu tarin fuka a 2023. Ko ɗaya cikin ashirin ne ke da suga, mutum 18,000 ke nan a shekara guda.

Wani zai ce, kuma da gaskiyarsa, ai babbar matsalar tibi a Sakkwato ba suga ba ce. Yunwa ce, da cunkoson ɗaki, da ɗimbin masu tari da ke ƙauyukan Isa da Sabon Birni da Tangaza waɗanda rashin tsaro ya raba da asibiti, ba a ma kai ga gano su ba. Na yarda. In kuɗi ɗaya ne za a zaɓa tsakanin nemo wanda ba a gano ba da gwada sugan wanda aka gano, na farkon ne a gaba. Amma ba haka zaɓin yake ba. Mutumin da nake magana a kansa ya riga ya zo, yana zaune a kan benci, an kashe kuɗi an gwada kakinsa, za a kashe kuɗin magani na wata shida a kansa. Tsinken gwajin suga guda ɗaya ne zai nuna ko wannan kuɗi zai yi amfani. Kuma mun taɓa yin irin wannan. Yau kusan duk mai tibi a Najeriya ana yi masa gwajin ƙanjamau a nan inda yake karɓar magani, kyauta, da gurbinsa a rajista. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna masu ƙanjamau kashi 0.6 cikin 100 ne a Arewa maso Yamma. Gaskiya ne ƙanjamau ya fi suga buɗe wa tibi ƙofa nesa ba kusa ba, ya haura ninki goma, don haka gwajin ya cancanta. Amma a yankin da masu suga suka ninka masu ƙanjamau sau biyar, me ya sa ɗaya ya samu kayan aiki da magani kyauta, ɗaya kuma ya dogara ga ko akwai tsinke a durowa? Amsar ba ta likitanci ba ce. Masu ba da agaji daga waje sun zuba kuɗi a kan ƙanjamau da tibi da zazzaɓin cizon sauro, ba su zuba a kan suga ba, mu kuma muka tsara asibitocinmu yadda kuɗin ya zo.

Maganar cewa suga cutar masu ƙiba ce ma ta fara rushewa. A watan Afrilun 2025, a taronta na Bankok, ƙungiyar masana ciwon suga ta duniya ta amince da wani nau'i da ta kira na biyar, wanda ke kama ramammun mutane da suka taso cikin ƙarancin abinci. Jihar da ke fama da tamowa kamar tamu ya kamata ta buɗe kunne.

Gano cutar ba tare da magani ba kuwa ƙara wa mutum damuwa ne kawai, kuma nan ne aljihu yake shigowa. Ƙididdigar talauci ta ƙasa ta 2022 ta sa Sakkwato a gaba da kowace jiha, mutum tara cikin goma. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, a watan Agusta kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a ƙasar, a Nuwamba Sanofi, mai yin insulin da Daonil, ya ce zai koma sayarwa ta hannun dillali. Duk mai sayen magani wata-wata ya ji a jikinsa. Mai tibi kuwa yawanci ya daina fita nema, sai abin da 'yan'uwa suka kawo. Sai ka ga yana shan ƙwayar suga yau ya tsallake gobe don ta kai ƙarshen wata, ko ya raba ta biyu, ko ya koma wa masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa, waɗanda gora ɗaya a wurinsu tana maganin suga da basir da sanyi. Uku daga cikin magungunan tibi huɗu suna iya taɓa hanta. Ɗora mata jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba ganganci ne, amma wanda ba shi da kuɗin kemis ba ya jin wannan huɗuba.

Wanda sugansa ya yi tsanani sai an koma insulin, ita kuma tana son sanyi a garin da wutar lantarki ke zuwa in ta ga dama. A nan akwai ɗan sauƙi. Ƙungiyar likitocin MSF da Jami'ar Janiba sun gwada insulin a yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, suka buga sakamakon a 2021: kwalbar da aka fara amfani da ita tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Bazarar Sakkwato ta wuce haka, amma gindin randa a ɗaki mai inuwa bai kai zafin waje ba. Rashin firij bai isa ya sa a hana mutum allurar da yake buƙata ba, in an nuna masa inda zai ajiye ta.

Abin da ya kamata a yi an rubuta shi tuntuni. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar yaƙi da tarin fuka da cututtukan huhu ta duniya suka fitar da tsarin haɗin gwiwa: a gwada suga ga duk mai tibi, a bincika tibi ga masu suga. Indiya ta mai da gwajin ƙa'ida tun 2012, bayan da bincike a jihar Tamil Nadu ya nuna kusan mai tibi ɗaya cikin huɗu yana da suga. A wurinmu abin da ake buƙata shi ne na'urar gwaji a kan teburin DOTS da tsinken da ba ya yankewa. In kayan ba su isa kowa ba, a fara da wanda ya kai shekara arba'in, da wanda tarin ya dawo masa, da wanda kakinsa bai wanke ba a wata na biyu. A asibitin masu suga kuma, duk zuwa a tambayi mutum ko yana tari, ko yana zazzaɓin dare, ko yana rama.

Sai dai a yi hattara da ɗora wa mutum tambarin cutar har abada daga gwaji ɗaya. Tunda tarin kansa yana tayar da suga, wasu za a ga nasu ya hau a ranar farko, bayan wata biyu ko uku na magani ya sauka da kansa. Ma'aunin ciwon suga da aka sani shi ne 126 in mutum bai karya kumallo ba, ko 200 a kowane lokaci tare da alamomi, amma ga mai tibi sai a maimaita. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya fi tsayuwa, sai dai yana da tsada, kuma ƙarancin jini da sikila, waɗanda duka muna da su, suna iya karkatar da sakamakonsa.

Sai tambayar inda za a kula da mutumin in an gano. Abin da aka saba shi ne a rubuta masa takarda ya tafi asibitin masu suga. Tsaya ka duba abin da wannan ke nufi: an ɗauki mai tari wanda bai yi ko mako guda da fara magani ba, an zaunar da shi awa uku a kan benci a tsakiyar mutanen da suka fi kowa saurin kamuwa da cutarsa. Jagorar da ƙungiyar yaƙi da tarin fuka ta fitar a 2019 ta ba da shawarar a kula da sugan a ɗakin tibi, aƙalla mako biyu na farko, in da hali wata biyu, a fara da metfomin in ƙoda lafiya take, kuma kada a matsa sai suga ya sauka ƙwarai, a riƙe shi dai ƙasa da inda zai yi ɓarna. A ganina ma a zarce haka. Tunda mutumin yana zuwa karɓar maganin tibi a kai a kai har wata shida, a sa masa metfomin da bitamin B6 a leda ɗaya, kyauta, a ɗiga jininsa duk zuwa. Metfomin tsohon magani ne mai araha. Kuɗinsa na wata shida bai kama ƙafar kuɗin sake jinyar wanda tarin ya dawo masa ba, balle in ya dawo da nau'in da ba ya jin magani, wanda shi ma wasu nazarce-nazarce suka nuna ya fi yawa a masu suga. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, SOCHEMA, da asusun kula da lafiya a matakin farko na tarayya, an kafa su ne don marasa ƙarfi. Ban san wanda ya fi mai tibi da suga cancantar shiga wannan layi ba.

Watan azumi yana da nasa hukunci. Mai tibi da suga maras lafiya ne ta kowace fuska, shari'a kuma ta yi wa maras lafiya rangwame. Amma dattijon Sakkwato ba zai sha ruwa da rana don wata ma'aikaciyar asibiti sa'ar 'yarsa ta ce ya sha ba. Sai ya ji daga bakin limaminsa. Sarakuna da malamai, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, sun nuna a yaƙin shan inna cewa in suka sa baki mutane na ji. Wannan ba ya buƙatar gangami irin wancan, illa likita da malami su faɗi magana ɗaya kafin a ga wata.

Wata shida ya cika, kaki ya wanke, an rubuta ya warke, an rufe kati. Ga shirin yaƙi da tibi an ci nasara, an ƙara mutum ɗaya a lissafin da za a aika Abuja. Ga mai suga kuwa an gudu ne ba a tsira ba, domin a nan ne yake rabuwa da ma'aikacin lafiya guda ɗaya tilo da ke ganinsa a kai a kai, kuma a cikin shekara ko biyun da ke biye ne tarin ya fi dawowa. Ranar sallama ya kamata ta zama ranar da za a miƙa shi hannu da hannu ga mai kula da suga, a sake duba adadin ƙwayarsa tunda rifamfisin ya fita, a ba shi ranar dawowa gwajin kaki ko da ba ya tari sosai. In ya dawo da tarin bayan wata goma, rajista za ta karɓe shi a matsayin wanda cutar ta dawo wa, ba za ta nuna dalili ba sai in akwai gurbin suga a cikinta kuma an cike shi da lamba.

Dakatar da agajin Amurka a watan Janairun 2025 ya nuna cewa ko rabin da muke kira kyauta wani ne ke biya, kuma yana iya janye hannu. Tsinken gwaji da metfomin ba su fi ƙarfin kasafin jiha ba. In Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta ɗauki wannan, rahoton tibi na kowane wata uku daga ƙananan hukumomi 23 zai iya ɗaukar ƙarin lambobi uku: masu tibi nawa aka ɗiga jininsu, nawa aka samu da suga, kuma cikin waɗanda aka samu, nawa suka warke, nawa suka rasu, nawa suka dawo. 'Yan majalisar jiha da ke kwamitin lafiya suna da hurumin neman waɗannan lambobi lokacin kare kasafin kuɗi.